Daren da na ce wa wata uwa ta koma ta zauna

A unguwar Birni aka haife ni, nan cikin Damagaram, ba nisa da fadar Sarki. Mahaifina baduku ne, jakunkuna da takalma da kuben wuƙa yake ɗinkawa. Ina da shekara 9 aka yi annobar sanƙarau ta 1995, ta kama ƙanena mai bi mini. Abin da na riƙe na lokacin ba shi da yawa: rumfar da aka kwantar da su saboda ɗakuna sun cika, warin magani, sai wata mata mai farar riga da take ta zagayowa kansa dare da rana. In ta zo sai ta durƙusa, ta taɓa wuyansa, ta dubi Inna ta ce, "Iya, ki sa wani abu a bakinki, in kin faɗi wa zai riƙe shi?" Yaron ya tashi. Kunne ɗaya ya mutu, amma ya tashi, yau ga shi da ƴaƴansa. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni a lakwal me nake so in zama, amsata ɗaya ce.

Na fara da wannan ne don a san da wace zuciya na shiga aikin jinya. Domin bayan shekara ashirin da ƴan kai, ni ce matar da ake nunawa da baki a ƙofar ɗakin yara, ana cewa, "Allah Ya sa kada ki tarar da waccan a gardi."

A 2009 na gama makarantar koyon aikin jinya. Shekara 3 na yi ina benebol, wato kullum kana zuwa, kana gardin dare kamar kowa, ba ko dala. Kuɗin kabu-kabu Inna ke ba ni daga cinikin ƙuli-ƙulinta. Daga baya na samu kwantaragi, aka tura ni wani ƙaramin asibitin ƙauye a arewa, wajejen Tanut. Ni ce mai duba marasa lafiya, ni ce mai allura, ni ce mai rigakafi, ni ce mai karɓar haihuwa tare da wata tsohuwar ungozoma, ni ce kuma mai cika rajista da rahoton ƙarshen wata. Ɗakin kwanana yana jikin asibitin, saboda haka babu wani abu wai shi tashi daga aiki. Pekil ɗin kuwa, wato ɗan kuɗin da ake biyan masu kwantaragi, wani lokaci sai a haɗa wata biyu, uku bai faɗo ba, mai kanti ya san ni da bashin shinkafa.

Tun 2006 aka mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a ƙasar nan, kuma ni shaida ce abin alheri ne. Uwar da a da za ta tsaya gida tana jiƙe-jiƙe saboda ba ta da kuɗin kati, ta fara goyo ɗanta ta zo. Sai dai a inda na zauna, yaran ne suka ƙaru, hannun da zai karɓe su bai ƙaru ba, kuma kuɗin da ya kamata a mayar wa asibitin kan daɗe a hanya har kantar magani ta bushe. Mutumin da aka gaya wa a rediyo cewa kyauta ne, ya zo ka miƙa masa ordonansi, wato takardar magani, ka ce ya je ya saya, kai zai kalla a matsayin ɓarawo. Ban ga laifinsa ba. Ni ce a gabansa.

Na yi aure a 2014, aka dawo da ni cikin gari, ɗakin kwantar da yara na wani asibiti. Na ɗauka na huta.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin yara tsakanin Agusta da Oktoba ba, da wuya ya gane abin da zan faɗa. Ruwa ya zauna, sauro ya yi yawa, kuma daidai lokacin ne rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai shigo ba. Sai masassarar cizon sauro da tamowa su haɗu a jikin yaro guda. Gado ɗaya yara biyu, wani lokaci uku, uwaye a ƙasa kan tabarmi, sai ka ɗaga ƙafa ka tsallake mutum kafin ka isa inda za ka. Kowane yaro da nasa lissafi. Mai masassara mai tsanani ana yi masa allurar artesunat da zuwansa, a sake bayan awa 12, a sake a awa ta 24, kuma gwargwadon nauyinsa ake aunawa. Wanda jininsa ya ƙone aka sa masa ƙarin jini, ka'ida ita ce ka tsaya kansa minti 15 na farko, domin a nan ne jiki ke nuna in bai karɓa ba. Mai tamowa yana da madararsa ta F75 duk bayan awa biyu ko uku, har cikin dare, wani ta tiyon hanci. Yaron da gudawa ta tsotse kuwa, neman jijiyarsa kaɗai sai ya ci maka rabin awa, ka duba hannu, ka duba ƙafa, ka koma fatar kai. To, a raba minti 60 ga yara 40. Minti ɗaya da rabi kowanne, in ba ka sha ruwa ba, ba ka yi salla ba, ba ka rubuta komai ba.

Ga kuma ƙishin ruwan Damagaram da kowa ya sani. Akwai daren da famfo ba ya ɗigo ko ɗaya, da buta nake wanke hannu tsakanin yaro da yaro, ina tattalin ruwan kamar na zamzam. Safar hannu in ta ƙare ta ƙare. In wuta ta ɗauke, in kunna fitilar salula in riƙe da haƙori ina neman jijiya. Wurin da za ka miƙe bayanka na minti goma babu, sai kujerar ƙarfe ɗaya mai karyayyen hannu. In gari ya waye mai karɓarka ba ta zo ba, ka zarce.

Ba rana ɗaya na canza ba. Da farko gaisuwa na rage. Daga nan na daina kallon idon uwaye, domin duk idon da ka kalla akwai roƙo a cikinsa, kuma ba ka da abin biya. Na koyi tafiya da sauri ina kallon ƙasa. Na gano cewa in ka ɗaure fuska, mutum uku cikin biyar za su fasa kiranka, sai na riƙe ɗaure fuska kamar kayan aiki. A gida maigidana ya taɓa ce mini, "Ke yanzu ko dariya kika yi kamar ana binki bashi." Na ji haushi, na yi kwana biyu ban kula shi ba. Gaskiya ya faɗa.

Cikin Satumbar 2018 ne. Abokiyar gardina ta tafi hutun haihuwa, ba a kawo madadinta ba. Na yi aikin rana, wadda za ta karɓe ni ta aiko cewa ɗanta ba lafiya, na zarce dare. Ina da ciki wata huɗu. Yara 43 na ƙirga da magariba, ni kaɗai sai wani ɗalibi da aka turo koyon aiki, shi ma nan da nan na aike shi ɗakin gwaji neman jini.

Wajen ƙarfe biyu ina kan wata yarinya da na samu jijiyarta da ƙyar, jini ya fara shiga, a gado na gaba wani yana jijjiga, sai na ji an taɓa gefen rigata. Wata mata ce ƴar siririya, daga wani ƙauye na ƙasar Mirya, da la'asar aka kwantar da ɗanta, bai fi shekara biyu ba. Ta ce, "Likita, yaron nan ya yi sanyi, sai gumi yake." Na ce ina zuwa. Bayan ɗan lokaci ta dawo, "Likita, ya ƙi kama nono." Na ce na ji, ban ko juya ba. Da ta dawo na uku, hannuna riƙe da sirinji, kaina na sarawa, sai na daka mata tsawa har na kusa da mu suka farka: "Ke kaɗai ce mai ɗa a ɗakin nan? Koma ki zauna!"

Ta koma ta zauna.

Wannan shi ne abin da ya fi cina har yau. Da ta zage ni, da ta ja rigata ta yage, da ta yi kururuwa, da na je. Amma mutuniyar ƙauye ce mai kunya, an ce mata likita ya fi ta sani, ta bi umarni. Ban isa gadonsu ba sai wajen uku da rabi. Yaro mai masassara da ya yi sanyi, yana gumi, ya saki jiki, ya ƙi nono, ɗalibin shekarar farko ma ya san sukarin jininsa ake fara zargi ya faɗi. Maganinsa ruwan sukari ne a jijiya, yana nan cikin kabad, aikin minti biyar. Matar nan ta kawo mini alamomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta littafi, kunnena ya ji, ƙwaƙwalwata ba ta ɗauka ba. Na ɗura masa, na danna ƙirji, na yi duk abin da aka koya mini. Kafin kiran assalatu ya cika.

Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta rufe masa ido, ta dube ni ta ce, "Sannu likita, kin yi ƙoƙari. Allah bai yi zai tashi ba." Da gari ya waye ta goya shi a baya ta rufa masa zane kamar mai barci, saboda in direba ya san gawa ce, ko ya ƙi ɗauka ko kuɗin motar ya ninka. Ina tsaye a taga na ga fitarta.

Na rubuta a rajista: suna, ƙauye, awa, masassara mai tsanani. Ba wanda ya tambaye ni komai. Ba wanda ya ce yara nawa ne a hannunki, tun yaushe kike tsaye, ƙarfe nawa aka auna sukarinsa. Yara da yawa suka rasu a wannan watan, nasa layi ɗaya ne cikin layuka. Da an kira ni an tuhume ni, ina jin da ya fi mini sauƙi.

Ban ce da na je a kiran farko lallai zai rayu ba, rai na Allah ne. Duk wanda na ɗan buɗe wa zancen daga baya, ajali yake ce mini, kuma na yi imani da ajali. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ni a daren nan raƙuma 43 aka ba ni da igiya ɗaya, kuma wanda ya kuɓuce, uwarsa ta nuna mini shi sau uku.

Bayan sati uku cikina ya zube. Aka kwantar da ni a ɗakin mata, Inna na jinyata. Cikin dare ruwan da aka sa mini ya ƙare, jini ya fara hawa tiyo, Inna ta je kiran mai gardi ta tarar da ita ta kifa kai a tebur, biro a hannu, barci ya sace ta. Inna ta dawo tana faɗa, wai ga irin ƴaƴan yanzu. Na ce, "Inna, bar ta." Na miƙa hannu na rufe tiyon da kaina. Da yarinyar ta farka ta zo a firgice tana ba da haƙuri, na tambaye ta tun yaushe take nan. Ta ce, "Tun jiya da safe, Yaya." Idonta ja wur. Na san wannan idon, kullum ina ganinsa a madubi.

Da na warke ban koma ba. Na nemi hutun da ba albashi, na shiga saro atamfa da leshi daga Kano ina ba mata bashi a unguwa, wani lokaci in kai wa wata mai shago a Kasuwar Dole. Kuɗi na shigowa fiye da da, ina barci a gadona kowane dare, amma in yaron maƙwabta ya yi kuka da tsakar dare sai in tashi zaune zuciyata na bugawa. Wata bakwai ban gaya wa kowa ainihin abin da ya faru ba. Ranar da na gaya wa Inna, muna tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, na ce mata na ci amanar matar nan mai farar riga da ta yi jinyar ƙanena, na so in zama ita na zama wata aba dabam. Inna ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ke yarinya ce lokacin, mace ɗaya kika riƙe. Su huɗu ne a rumfar nan suna karɓeɓeniya. In ɗaya ta gaji ta shiga ciki ta kwanta, mu kuma muna kai musu fura." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Shekara 24 ina auna kaina da mace ɗaya, ashe su huɗu ne.

Wadda ta dawo da ni aiki wata tsohuwar majo ce, wato shugabar ma'aikatan jinya, da na yi benebol a ƙarƙashinta. An ba ta ɗakin yara a wani asibitin, ta zo har gida ta zauna kan tabarma ta ce, "Ƴata, atamfa kowa na iya sayarwa. Jijiyar jariri ba kowa ke samu ba." Na ce, "Hajiya, ina tsoron kaina." Na ba ta labarin duka. Ba ta ce ajali ba ne, ba ta kuma ce laifina ne ba. Tambaya ta yi: ku nawa ne, awa nawa kika yi, ina aka kwantar da yaron. Da na ce can ƙarshen ɗaki kusa da ƙofa, sai ta girgiza kai.

Abin da na tarar a wurinta ba kuɗi ba ne, don ba ta da su. Albashinmu bai ƙaru da ko dala ba. Takardar gardi ce manne a bango, an rubuta ta tun farkon wata, kuma doka ɗaya ba ta sassautawa: wadda ta kwana ba ta wuni. In mai karɓa ba ta zo ba, ita majo da kanta take ɗaura ɗankwali ta karɓa, sannan ta bi sawun wadda ba ta zo ba. Ta yi ta faɗi-tashi da na sama har aka yarda ba mai tafiya konje, wato hutu, daga Agusta zuwa Oktoba, kuma a watannin nan mutum biyu ne a dare ko ana ha-maza-ha-mata. Wani ɗan sito da ake jibge karyayyun gadaje ta sa aka kwashe, aka shimfiɗa katifa, aka ajiye randa da jarka biyu da ɗan ga-ruwa ke cikawa daga kuɗin da muke tarawa. Awa biyu ɗaya ta kwanta, ɗaya na tsaye. Wanda bai yi gardi ba zai raina awa biyu. Ni na san bambancin hannuna da ƙarfe huɗu na asuba in na samu awa biyun nan da in ban samu ba.

Gadaje shida na kusa da teburinmu ta ware wa yaran da suka fi jin jiki, a kan idonmu, duk awa a duba su. Miƙa aiki kuma ba a tebur ake yi ba, gado-gado ake bi, mai fita na nuna wa mai shiga. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda take tara uwaye kowace yamma ta ce musu, "In ɗanki ya yi sanyi yana gumi, ko ya ƙi nono, ko numfashinsa ya canza, ko ya fara jijjiga, kada ki zo ki tsaya kina sallama. Ki ɗaga murya. Duk wadda ta tsawata miki, ki kawo mini ƙararta." Ranar farko da na ji ta tana faɗin haka sai da na fita waje na share ido.

Duk ranar Alhamis da safe mukan zauna kan yaran da suka rasu a satin, ɗaya bayan ɗaya, ba don a kama mai laifi ba. Ƙarfe nawa ya zo, ƙarfe nawa aka fara magani, me ya tsaya. A irin zaman nan muka gano cewa da dare na'urar auna sukari tana kulle a ofis, makulli na aljihun wanda ya tafi gida. Shekara nawa ana haka, ba wanda ya taɓa tambaya.

A wani horo da aka yi mana, wani likita ya kawo binciken da aka buga a 2014, wanda aka yi a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9 kan mutanen da aka yi wa tiyata. An gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa ma'aikacin jinya, haɗarin mutuwar majinyaci cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Ya ce a jihar Kalifoniya ta Amurka har doka aka yi, a ɗakin yara ma'aikaciya ɗaya ba ta wuce yara 4. Ɗakin ya ɗauki dariya, wata ta ce, "Dokta, mu huɗun a gado ɗaya suke." Ni ma na yi dariyar, amma a hanyar gida ina bayan kabu-kabu lissafi nake. Su can gardamarsu tsakanin majinyata 6 da 8 ce, kuma har a haka sun ga bambanci a yawan masu mutuwa.

Kada a ɗauka ina wanke mu ne gaba ɗaya. A cikinmu akwai masu mugun hali da ko gado ɗaya ka ba su sai sun wulaƙanta mai shi, akwai masu sayar da maganin da aka ce kyauta ne, akwai masu duba tufafin mutum kafin su amsa sallamarsa. Waɗannan hukunci ya kamace su. Amma na yi aiki da mata da maza da yawa, kuma mafi yawan waɗanda ake kira marasa imani na san su lokacin da suka zo da imaninsu cik. Na ga yadda gardi bayan gardi ya cinye shi, kamar yadda ya cinye nawa. Masu ƙwazon cikinmu da dama sun tafi ƙungiyoyin agaji, wasu suna fita daga gardi su wuce kilinik mai zaman kanta don cike cefane, su dawo da dare a gajiye. Ni ma na yi hakan shekara guda, ba zan ɓoye ba.

Kuma wahala ba ta ƙare ba. A Agustan 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, mun yi darare muna kallon na'urar iskar numfashi tana mutuwa tana tashi, magunguna suka yi wuya saboda rufe iyaka. A Satumbar 2024 aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, na yi murna don na san mutanen da kuɗin ke hanawa zuwa, sai dai ina ganin layin ya ƙaru na fara ƙirga mu nawa ne a takardar bango. Hajiya majo ta yi ritaya bara. Takardar tana nan, ni ke rubuta ta yanzu, kuma wata biyu ke nan ina fama a maye mini gurbin mutum ɗaya.

Sunan ƙauyen matar nan yana kaina. Sau biyu ina zuwa tasha da niyyar shiga motar Mirya, in tsaya in juyo, don ban san me zan ce mata ba, ban kuma san ko zuwana zai tayar mata da abin da ta riga ta binne ba. Maigidana ya ce in na shirya zai raka ni.

Yau ina da gardi. Mu biyu ne, ni da wata yarinya benebol da ta fara watan jiya, daga Garin Malam take zuwa a ƙafa. Na lura ba ta zuwa da abinci, in an tambaye ta sai ta ce ta ci a gida. Na sa an ƙara tuwo a kula, kuma ita za ta fara kwanciya.